Waya mai jure wahala

Waya mai jure wahala ita ce wayar hannu da aka ƙera ta tun daga masana'anta don ta jure faɗuwa, ƙura, ruwa, zafi da sanyi fiye da wayar da aka saba riƙewa. Daban take da wayar da aka saya sannan aka sanya mata riga mai kauri, domin ita ƙarfinta a jikinta yake: gangar roba da ƙarfe, kusurwoyi masu kauri da ke shanye bugu, zoben roba a duk inda ɓangarori biyu suka haɗu, da murfi a bakin wurin caji. Ma'aikatan gini, masu haƙar ma'adinai, 'yan kwana-kwana, sojoji da manoma ne suka fi amfani da ita.

Tarihi

Ba a haɗu a kan wace ce ta farko ba. Abin da aka fi yarda da shi shi ne cewa irin wannan waya ta fara fitowa ne daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, a Turai da Japan kusan lokaci ɗaya. Kamfanin Ericsson na Suwidin ya fito da R310 wajen shekarar 2000, wayar da aka fi tunawa da ita saboda eriyarta mai kama da fiffiken kifi. A daidai wannan lokacin Nokia ta saki 6250, daga baya kuma 5210 da 5140, waɗanda aka lulluɓe da roba don masu motsa jiki da masu aiki a waje.

A Japan kuwa, kamfanin Casio ne ya buɗe hanya. Tun 1983 yake ƙera agogon G-Shock wanda ba ya jin faɗuwa, sai ya ɗauko wannan dabarar ya kai ta kan waya da sunan G'zOne, wadda ta fito wajen 2000, ta kuma shiga kasuwar Amurka a 2006. Wani kamfanin Amurka mai suna Sonim ya mayar da hankali kacokan kan wannan fanni. A 2011 wayarsa XP3300 Force ta shiga kundin bajinta na Guinness bayan an sako ta daga tsayin mita 25 ta faɗi kan kankare, aka ɗauke ta tana aiki.

Duk waɗannan masu madannai ne. Shigowar waya komai-da-ruwanka ta kawo sabuwar matsala, domin fuskarta gilashi ce faɗin tafin hannu, gilashi kuwa ba ya shiri da dutse. Motorola Defy ta 2010 tana cikin wayoyin Android na farko da suka jure ruwa da ƙura, sai Samsung Galaxy Xcover da Casio G'zOne Commando a 2011. Kamfanin Bullitt na Birtaniya ya karɓi izinin amfani da sunan Caterpillar, masu ƙera katafila, ya riƙa fito da wayoyin Cat. Wadda ta fi yin suna a cikinsu ita ce S60 ta 2016, wadda aka sanya mata kyamarar da ke ganin zafi, ta yadda mai gyaran lantarki zai gano wayar wutar da ta ɗau zafi, ko mai gyaran famfo ya bi sawun bututun ruwan zafi a cikin bango. Bullitt ya rufe a farkon 2024.

Masu tuna baya kan sanya Nokia 3310 da Nokia 1100 mai tocila a wannan jerin. An shaide su da ƙarko, amma ba a matsayin wayoyin aikin wahala aka sayar da su ba.

Ma'aunin ƙarfi

Ma'aunin da aka fi gani a jikin kwali shi ne harufan IP da lambobi biyu, wanda ya fito daga ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna IEC 60529. Lambar farko ta ƙura ce, daga 0 zuwa 6, inda 6 ke nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan. Ta biyu ta ruwa ce. IP67 na nufin wayar za ta iya zama cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. IP68 ya wuce haka, sai dai kamfanin ne ke faɗin zurfin da tsawon lokacin. IP69K kuma na feshin ruwan zafi ne mai ƙarfi, kimanin digiri 80 a ma'aunin Celsius. Da ruwan daɗi mai tsabta ake gwajin, ba ruwan teku ko na sabulu ba, kuma zoben roba yana tsufa. Ga mai aiki a yankin Sahel, inda ƙurar hunturu ke cika bakin caji da sifika, lambar farko ta fi ta biyu muhimmanci.

Akwai kuma MIL-STD-810, kundin gwaje-gwaje na ma'aikatar tsaron Amurka da aka fara fitarwa a 1962, wanda bugun H nasa ya fito a 2019. Ana taƙaddama kan darajarsa a wayoyin kasuwa, tunda sojoji ba sa ba da shaida a kansu, kamfani ne ke zaɓar gwajin da zai yi.

Wayoyin da ake shiga da su matatar mai ko wurin iskar gas suna da nasu sharaɗi, irin ATEX na Tarayyar Turai, don kada su haifar da tartsatsi.

A yau

Samsung da Kyocera suna ci gaba da ƙera su, amma yawancin waɗanda ke kasuwa na kamfanonin China ne irin su Ulefone, Blackview, Doogee da Oukitel. Wasunsu na ɗauke da batir da ya haura mAh 20,000 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka), abin da ke sa nauyinsu ya wuce rabin kilo.