Waiwaye: Kujerar Ƙadin Da Ta Ɓace A 1979

Duk lokacin da aka taso da gyaran tsarin mulki sai maganar sashe na 277 ta dawo, wato sashen da ya fayyace hurumin kotun ƙadi, wasu na cewa a faɗaɗa hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a wasu na cewa sam, kuma yawancin masu cacar bakin nan gani suke abin a Zamfara ya fara a 1999. Wallahi ya girmi haka nesa ba kusa ba.

Farkon labarin kowa ya sani. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, suka bar alƙalai a ƙarƙashin En'e suna yin aure da gado da bashi har da kisan kai, illa dai sun hana haddi irin yanke hannu. A 1958 aka kafa kwamitin masana ƙarƙashin babban jojin Sudan, daga nan aka samu Final Kod, wato kundin dokokin laifuka, a 1960, laifuka suka koma can, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kuma aka bar mata aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya, waƙafi da kyauta. A 1968 kotunan alƙalai suka bar hannun En'e suka zama kotunan yanki.

To amma ga abin da ba a cika faɗa ba. A tsarin 1960 ɗin nan, in alƙali ya yanke shari'ar gona ko bashi ko ciniki aka yi afil, Babbar Kotu ake zuwa, gaskiya ne, sai dai mutum uku ne ke zama, joji biyu da ƙadi ɗaya daga Kotun Shari'a. Wato akwai wanda ya karanta littattafan fiƙihu irin su Risala da Tuhfa da Mukhtasar a kan teburin, wanda ya san dalilin da ya sa alƙali ya nemi shaidu biyu, ko ya karɓi shaida ɗaya da rantsuwa, ko ya ce hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum, ya yi tsawon da ba za a saurari mai ƙara ba. A 1978 hankalin kowa ya tafi kan rigimar kafa kotun Shari'a ta tarayya, har wakilai Musulmi suka fice daga zauren majalisar tsara tsarin mulki, ita kuwa wannan kujera ba wanda ya waiwaye ta. Da tsarin mulkin 1979 ya fara aiki sai ya zamana jojin Babbar Kotu ne kaɗai ke da ikon zama a cikinta, ƙadi ya tashi, shiru kake ji.

Ni na ga abin da idona. Wani kawuna ya yi shari'ar iyakar gona da maƙwabcinsa, alƙali ya je har gonar ya tsaya gindin ɗorawar da ake gardama a kanta, aka kawo dattawa, kawu ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse, aka ba shi. Aka yi afil. Da gado ne da gaban ƙadi za a je, amma tunda gona ce kawai sai Babbar Kotu, ga lauya ga Turanci ga kuɗin mota zuwa birni, tsohon nan yana zaune a benci da hularsa a hannu bai san me ake faɗa a kan gonarsa ba. Ya sayar da tumaki biyu kafin a ɗage zama na uku.

Ko bayan 2000 da jihohi 12 suka dawo da Shari'a, wasu sun yi dokar a riƙa kai duk afil gaban ƙadi, kotuna suka ce sashe na 277 bai ba da wannan dama ba. Har yau shari'ar gona a Babbar Kotu ake jin afil ɗinta, kuma ba ƙadi a teburin.