An yi maka dashen gashi, ga shi yana zuba?

Kwanaki wani bawan Allah mai harkar shanu a mayankar Oko-Oba ya same ni a wurin aikinmu a Agege, Legas. Ya jira har layi ya ragu, ya matso, ya cire hula a hankali kamar mai buɗe ciwo. Ya ce, "Likita, duba min nan, kuɗina sun tafi a banza." Ni ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne na matakin farko, amma mutanenmu duk mai farar riga likita suke ce masa. Sati biyar ke nan da dawowarsa daga Santambul ta Turkiyya, inda aka yi masa dashen gashi. Ya juyo min cikin hular, ga gajerun gashi nan sun manne a jiki. Fatar goshinsa ta ɗan yi ja, amma babu ruwa, babu kumburi, babu wari.

Na ce masa, "Alhaji, mayar da hularka, gashinka yana nan, kara ne ya faɗi, saiwa tana ƙasa."

Abin da ake dasawa saiwar gashi ce, ba silin da ido ke gani ba. Ana ciro ta daga ƙeya da gefen kai, ko dai ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin ƙarfe, wato FUE, ko a yanko siririyar fata a rarraba ta, wato FUT. Saiwar da aka tumɓuke aka kai sabon wuri takan firgita ta shiga hutu, ta saki silin da ta zo da shi. Wannan zubar tana faruwa tsakanin sati 2 zuwa 8 bayan aiki, kuma kusan kowa yana ganinta. Wani lokaci har tsohon gashin da ke maƙwabtaka da wurin yakan zube na ɗan lokaci, shi ya sa mutum zai duba madubi ya ga kansa ya fi da tsiraici. Sabon tsiro yana fara leƙowa a wata na 3 ko na 4, siriri kamar gashin jariri, ya riƙa kauri a hankali. Ba a yanke hukunci a kan aikin sai an cika shekara, tsakiyar kai kuwa takan kai wata 18.

Wannan zubar ta farko ba ta dame ni ba. Wadda ta fi damuna ita ce wadda ke zuwa bayan shekara biyu ko uku, lokacin da mutum ya saki jiki.

Sanƙon maza gado ne, kuma wani sinadari da jiki ke sarrafawa daga sinadarin mazakuta, ana ce masa DHT, shi ke tsuke saiwar gashin goshi da tsakiyar kai har ta daina fitar da komai. Gashin ƙeya bai cika jin wannan sinadari ba, kuma idan aka ɗauke shi aka kai goshi yana tafiya da halinsa. Wani likitan fata na Amurka, Norman Orentreich, ya bayyana haka tun 1959, kuma a kan wannan aka gina sana'ar gaba ɗaya. To amma dashe bai kashe sanƙo ba. Tsohon gashin da aka tarar a wurin yana ci gaba da sirancewa kamar yadda ya faro. Sai ka ga mutum da layin gashi a gaba tsaf, bayansa fili, kamar an yi shinge an bar gona ba shuka. Shi sai ya ce dashen ya lalace, alhali abin da aka dasa yana nan, na asalin ne ya tafi.

Abin da ke riƙe tsohon gashi magani ne, kuma guda biyu ne aka fi sani. Akwai minoxidil na shafawa, wanda shi ma yakan ƙara zubar gashi a makonnin farko kafin ya fara aiki, kuma idan aka daina, abin da aka samu yana komawa cikin 'yan watanni. Akwai finasteride na sha, miligiram 1 a rana, mai rage DHT. Wannan kada a saya a kemis don aboki ya ce yana sha. Wasu maza kaɗan yana rage musu sha'awa, kuma mace mai ciki ba ta shan sa, ko ɓararren ƙwayar ma kada ta taɓa, saboda yana iya illa ga ɗan tayi namiji. A zauna da likita tukuna, kuma a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a jikin kwali.

Su man habbatus sauda da man kwakwa da man kaɗanya kuwa, suna laushi da fata, ban hana ba bayan wuri ya warke. Saiwar da ta mutu dai ba sa tashe ta. Na taɓa ganin wanda ya daka tafarnuwa da albasa ya shafa a kan sabon dashe, fatar ta ƙone, aka koma jinyar ciwo.

Akwai kuma abin da ya shafe mu baƙar fata musamman. Gashinmu a murɗe yake har cikin fata, saiwar ma lanƙwasa take yi, don haka wanda bai saba da irin kanmu ba yana iya yanke ta garin cirowa, a dasa abin da ba zai tsiro ba. Sannan muna da saurin yin tabo mai tsiro. Duk wanda ya san ƙeyarsa tana fitar da ƙurajen nan masu tauri bayan aski, ko wani tsohon ciwo ya taɓa yi masa tudu a ƙirji ko kunne, ya faɗa wa likita tun kafin a taɓa shi. Gashin ƙeya kuma ba rijiya ba ce. Abin da aka cire ba ya dawowa a gurbinsa. Mai gaggawar komawa zagaye na biyu tun shekara ba ta cika ba yana cinye jarinsa ne.

Mata ma suna zuwa, yawanci gefen goshi ne ya cinye saboda kitso mai tsauri da ƙarin gashi. Idan aka dasa aka koma irin wancan kitson, abin da ya cinye na farko zai cinye na biyu. Kuma kafin a zargi dashe, a tuna ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, haihuwa, ko zazzaɓi mai zafi irin taifot, duk suna zubar da gashi, sau da yawa wata biyu zuwa uku bayan abin ya samu mutum. Gwajin jini yana raba gardama.

Tambayar da aka fi yi min ita ce ta hula da sallah. A kwana 10 zuwa 14 na farko saiwa ba ta gama kamawa ba, hula mai matsewa ko susa da farce ko goga goshi a dadduma suna iya tumɓuke ta. Ka tambayi wanda ya yi maka aikin yaushe za ka fara shafar kai da sujada sosai, ka kai wa malaminka amsar, zai faɗa maka sauƙin da addini ya yi wa mai lalura. Ga zafin Legas da gumi, a rage yawo a rana, a ajiye sigari, wanzami kuma ya dakata da reza.

Abin da ba a jira da shi: mugunya, wari, zafi mai ƙaruwa, zazzaɓi, fata ta yi baƙi, ko tabo ya fara tudu. Wannan asibiti ne a ranar, kada a tsaya tura hoto ta WhatsApp zuwa Turkiyya ana jiran amsa. Akwai likitocin fata a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja. Haka nan wanda ya cika shekara bai ga tsiro ba, can zai je a duba masa fatar da madubin likita.

Shi Alhajin na ce ya riƙa ɗaukar hoton kansa sau ɗaya a wata, wuri ɗaya, haske ɗaya, ya daina ƙirga gashin cikin hula, tunda ko mai cikakken kai yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Na rubuta masa takardar ganin likitan fata saboda tsakiyar kansa, wadda ba a dasa ba, ta fara haske. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya tambaye ni ko can ma sai ya cire hula a gaban mutane. Na ce masa ɗaki ake shiga.