Isaac Asimov: ra'ayinsa kan kimiyya, ilimi da rayuwa

Isaac Asimov (1920–1992) marubuci ne ɗan Amurka, haifaffen Rasha, masanin sinadaran jikin halittu, wanda ya yi suna da ƙagaggun labaran kimiyya da kuma littattafan bayyana kimiyya ga wanda ba masani ba. Littattafan da ya rubuta da waɗanda ya tace sun kai kimanin 500. Duk yawansu, ra'ayi guda ne ke yawo a cikinsu: ilimi ba ya saukowa a kammale, gyara shi ake yi kaɗan-kaɗan, kuma yana iya ɓacewa idan ya taru a hannun ƴan tsiraru.

Asali da karatu

An haife shi a ƙauyen Petrovichi na Rasha, a gidan Yahudawa, yana kuma ɗaukar 2 ga Janairu 1920 a matsayin ranar haihuwarsa. A 1923 iyayensa suka yi ƙaura zuwa unguwar Brooklyn ta birnin New York, suka buɗe kantin alewa da jaridu da ba a rufe shi ko rana ɗaya a mako. A nan ya ci karo da mujallun labaran kimiyya. Mahaifinsa ya hana shi karanta su don yana ganin shirme ne, sai yaron ya nuna masa kalmar "kimiyya" a bangon ɗaya daga ciki, ya ce ai wannan karatu ne. Sauran abin da ya sani tun yana ƙarami ya samo shi ne daga ɗakin karatu na jama'a, inda ake aron littafi kyauta, kuma har ya tsufa bai daina kare irin waɗannan ɗakuna ba.

Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Columbia a 1939, shekarar da aka fara buga labarinsa, ya samu digirin digirgir a kimiyyar sinadarai a 1948. Ya koyar a makarantar likitanci ta Jami'ar Boston daga 1949 zuwa 1958, sannan ya bar aji ya koma rubutu tsantsa. Bayan Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron ɗan'adam Sputnik a 1957, Amurkawa suka shiga fargabar an bar su a baya, shi kuma ya karkata ga littattafan bayani. Maƙalar kimiyya ta wata-wata da ya fara a wata mujalla a Nuwamba 1958 ta kai guda 399 kafin ciwo ya tsayar da shi.

Kuskure yana da girma da ƙanƙanta

Inda ya fi fayyace ra'ayinsa shi ne maƙalar The Relativity of Wrong ta 1986. Wani ɗalibin adabi ne ya aiko masa da wasiƙa yana cewa kowane ƙarni ya ɗauka ya fahimci duniya, na bayansa ya zo ya ƙaryata shi, don haka abin da muka sani yau ma kuskure ne. Asimov ya amsa da cewa "daidai" da "kuskure" ba fari da baƙi ba ne, akwai tazara da ake iya aunawa. Ya ɗauki siffar duniya a matsayin misali.

Mutanen dā sun ce ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce. Ba wauta ba ce, don lanƙwasarta kaɗan ce ƙwarai: a kilomita na farko ƙasa tana sauka ne da kusan santimita 8 kawai daga miƙaƙƙen layi, a mita 100 kuwa bai kai milimita ɗaya ba. Manomin da ke auna gonarsa a fadamar Gulbin Maraɗi, ko maginin da ke fitar da harsashen gida, ba zai yi asarar komai ba don ya ɗauki ƙasa a shimfiɗe. Matsalar tana fitowa ne idan tafiya ta yi nisa, domin ƙaramin kuskuren taruwa yake yi har ya ɓata taswira da lissafin matuƙin jirgi. Daga nan Girkawa suka ce duniya ƙwallo ce. Wannan ma bai cika ba: masanin Ingila Isaac Newton ya nuna cewa juyawar da take yi za ta sa ta kumbura a tsakiya, kuma awo ya tabbatar. Faɗinta ta tsakiya kilomita 12,756 ne, daga ƙuryar arewa zuwa ta kudu kuwa 12,714, bambancin kusan kashi 1 cikin 300. A 1958 tauraron Vanguard 1 ya ƙara nuna wani ɗan karkace da ake aunawa da mitoci. Kowane gyara ya fi na gabansa ƙanƙanta. Hukuncin Asimov shi ne, mai cewa shimfiɗa ya yi kuskure, mai cewa ƙwallo ya yi kuskure, amma wanda ya ce kuskuren biyu daidai suke ya fi su ɓata ko da an haɗa nasu wuri ɗaya.

Ana iya gwada wannan a filin lakkwal da auna kewayen duniya, ta hanyar da masanin Girka Eratosthenes ya bi wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da ya kwatanta inuwa a Aswan da Iskandariya na Masar ya samu bambancin digiri 7.2, wato kashi 1 cikin 50 na da'ira. Maraɗi tana kan digiri 13.5 arewa da layin tsakiyar duniya, Agadas tana kan kusan 17. A ranar 20 ko 21 ga Maris, sa'ad da rana ke bi daidai ta kan wancan layi, a kafa sanda mai tsawon mita 2 a kowane gari, a kan ƙasa da aka baje. A rataya igiya da dutse a gefenta don a tabbatar ta miƙe. A riƙa sa alama a bakin inuwar kowane minti biyar, a ɗauki mafi gajarta. A Maraɗi za ta kai santimita 48, a Agadas 61. Idan aka zana sandar da inuwarta a takarda aka auna kusurwa, bambancin garuruwan zai fito digiri 3.5. A raba 360 da 3.5, a samu kusan 103, a ninka da tazarar arewa zuwa kudu, kimanin kilomita 385. Abin da zai fito, wato kewayen duniya, ya kusa kilomita 39,700, ainihin adadin kuwa ya ɗan haura 40,000.

Abubuwa uku ne ke ɓata awon. Na farko agogo: wanda ya auna da ƙarfe 12 cif ya yi sauri, domin agogon Nijar yana bin layin digiri 15 gabas ne, Maraɗi kuwa tana kan 7, don haka a watan Maris rana ba ta raba tsaka sai wajen 12:40. Na biyu tazara: tsawon hanyar mota ba zai yi ba, hanya tana kewaye, tazarar da ake so ita ce ta arewa tsantsa. Na uku bakin inuwa, wanda ba ya fita sarai, balle idan akwai hazo. Kuskuren santimita ɗaya yana canja amsar da kusan kilomita 3,000, shi ya sa doguwar sanda ta fi gajera, gari mai nisa kuma ya fi na kusa. Ɗalibin da ya samu 37,000 ya yi kuskure, amma ya san girman kuskurensa da inda ya shigo.

Ilimi yana iya salwanta

Labaransa sun fi maƙalunsa fargaba. A Nightfall na 1941, wata duniya ce mai rana shida, ba ta ganin duhu sai sau ɗaya cikin shekara 2,049. Idan daren ya zo mutane su haukace, su ƙone biranensu don neman haske, ilimin da aka tara ya tafi da wutar. A jerin Foundation, wanda ya fito a littafi uku daga 1951 zuwa 1953 kuma ya ɗauko tsarinsa daga tarihin faɗuwar daular Rum na Edward Gibbon, wani masanin lissafi ya hango rushewar daular taurari da duhun shekara 30,000 a bayanta. Dabararsa ta rage duhun zuwa shekara 1,000 ta fara ne da tara masana a wata duniya ta bakin iyaka su rubuta kundin sani, ko da yake daga baya ta bayyana cewa kundin hujja ce kawai ta kai su can.

Lissafin da masanin ya yi hasashen da shi ƙage ne, amma Asimov ya gina shi kan yadda ake nazarin iskar gas: ba a san inda ƙwaya ɗaya za ta nufa ba, amma an san halin tarinsu. Ya gindaya masa sharaɗi biyu, jama'a su yi yawa ƙwarai, kuma kada su san abin da aka hango. Ɗan kasuwar hatsi zai gane wannan nan take. Ba wanda ya san ko manomi kaza zai fito da geronsa ranar kasuwa, amma kowa ya san tiya tana araha da kaka, ta yi tsada kafin sabon hatsi ya shigo. Idan kuwa kowa ya ji an ce za ta yi tsada sosai ya ɓoye nasa, hasashen da kansa ya canja kasuwar. Asimov ya kuma rushe lissafin da hannunsa a tsakiyar labarin, ta hanyar wani mutum guda mai baiwar juya zukata wanda ƙididdiga ba ta hango shi ba.

Ɗan gajeren labarinsa na 1958, The Feeling of Power, ya fi kusa da yau. Mutane sun dogara da na'urar lissafi har sun manta ana iya ninka lamba da hannu. Wani ƙaramin ma'aikaci ya sake gano hanyar da takarda da fensir, sojoji suka karɓe ta don su sa mutum a cikin makami mai linzami tunda ya fi kwamfuta araha, shi kuma ya kashe kansa. Mai sayar da goro da ke juya dala zuwa sefa a ka, dala ashirin sefa ɗari, dala ɗari biyu jaka, yana riƙe da irin abin da mutanen labarin suka saki.

A 21 ga Janairu 1980 ya rubuta a mujallar Newsweek cewa akwai ɗabi'ar ɗaukaka jahilci a Amurka, wadda ke ciyuwa da zaton dimokuraɗiyya na nufin "jahilcina daidai yake da iliminka". Maganin da ya gani shi ne kowa ya iya karatu sosai kuma ya ci gaba da koyo bayan makaranta. A hirarsa da ɗan jarida Bill Moyers a 1988 ya ce idan kowane gida ya samu kwamfuta mai haɗe da manyan ɗakunan karatu, kowa zai bi abin da yake sha'awa a kan saurin kansa. Na'urar ta iso, har aljihu. Abin da bai auna da kyau ba shi ne cewa ƙarya ma ta hanyar za ta bi.

Dokoki uku na mutum-mutumi

Ya gaji da labaran da na'ura ke juya wa maƙerinta baya, yana cewa kowane kayan aiki da kariyarsa ake ƙera shi, wuƙa ma da ƙota. A labarin Runaround na 1942 ya jera dokoki uku na mutum-mutumi, wato na'ura mai aiki kamar mutum, kowace tana ƙarƙashin ta gabanta: kada mutum-mutumi ya cuci ɗan'adam ko ya zura ido a cuce shi, ya bi umarnin ɗan'adam, ya kare kansa. Kusan duk labaran da suka biyo baya kan yadda dokokin ke cijewa ne. A Runaround an aiki wani mutum-mutumi mai tsada ɗebo sinadarin seleniyam a duniyar Makyuri. An ba shi umarnin a sakace, an kuma ƙarfafa masa dokar kare kai saboda tsadarsa, wurin kuwa da haɗari. Sai ya tsaya daidai inda ƙarfin dokokin biyu ya yi kunnen doki, yana ta kewaya wurin, har sai da ɗaya daga cikin mutanen ya jefa kansa cikin zafin rana don doka ta farko ta rinjaya. A wani labarin na 1941, mutum-mutumi mai karanta zuciya ya yi ta yi wa mutane ƙarya don kada gaskiya ta ɓata musu rai, tunda ɓacin rai ma cuta ce. Ba na'urar zamani da ke aiki da waɗannan dokoki, kuma dalilin yana cikin labaran: kalmar "cuta" ba ta da ma'auni.

Addini, yawan jama'a da mutuwa

Asimov bai yi imani da Allah ko lahira ba, ya kuma faɗi haka a fili. Ya shugabanci ƙungiyar ƴan aƙidar mutuntaka ta Amurka daga 1985 har rasuwarsa, yana ganin mutum ne ke da alhakin gyara duniyarsa. A nan mafi yawan masu karatu a ƙasar Hausa za su rabu da shi, ko da yake awon inuwa bai dogara da wannan aƙida ba. Duk da haka ya rubuta sharhin tarihi da labarin ƙasa na Littafi Mai Tsarki a juzu'i biyu, 1968 da 1969.

Yawan jama'a ne babban tsoronsa. Ya kwatanta shi da gida mai banɗaki biyu: mutum biyu suna shiga yadda suka ga dama, mutum ashirin sai da layi da ƙwanƙwasa ƙofa. A nan an gwada shi da ma'auninsa. A 1964 ya ce duniya za ta kai mutum biliyan 6.5 a 2014, ta haura 7. A littafinsa The Caves of Steel na 1954 ya zana mutum biliyan 8 a cunkushe cikin rufaffun birane suna cin abincin da aka haɗa daga yisti. An kai biliyan 8 a Nuwamba 2022 ba tare da hakan ba, domin amfanin gona ya ƙaru, saurin haihuwa kuma ya ragu a yawancin ƙasashe.

Mutumin da ya cika littattafai da jiragen taurari sau biyu kacal ya hau jirgin sama, saboda tsoro. A Disamba 1983 aka yi masa aikin zuciya, aka ƙara masa jini mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, tun kafin a fara gwada jinin da ake ƙarawa a 1985. Likitocinsa suka ba shi shawarar ya yi shiru saboda tsangwamar da ake yi wa masu cutar a lokacin. Ya rasu a New York ranar 6 ga Afrilu 1992, aka sanar da ciwon zuciya da na ƙoda. Sai a 2002 matarsa Janet ta bayyana ainihin sanadin, a cikin littafin tarihin rayuwarsa da ta tace.