Dokar kwana 47 ta satifiket ɗin tsaron shafuka: abin da ta ce da abin da ake ƙara mata

Maganar da ke yawo tsakanin masu kula da shafukan intanet ita ce wai nan gaba sai mutum ya sayi satifiket ɗin tsaro, wato shaidar da ke tabbatar wa burauza cewa shafin na gaskiya ne kuma haɗinsa a tsare yake, sau takwas a shekara, wanda ya gaza kuma a rufe masa shafi. Wasu ma suna ɗora abin a kan gwamnati. Babu hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Nijeriya, ko NiRA, mai kula da sunayen shafuka na .ng, a ciki, kuma babu majalisar ƙasar da ta zartar da shi. Ƙa'ida ce ta CA/Browser Forum, zauren da kamfanonin da ke ba da satifiket suke zama da masu burauza. Apple ne ya kawo ƙudurin, mai lamba SC-081, aka amince da shi a Afrilun 2025, Google da Microsoft da Mozilla duk suka goyi baya.

Ragin zai zo ne mataki-mataki. A Satumban 2020 aka sa iyakar rayuwar satifiket ta zama kwana 398. Daga 15 ga Maris 2026 kwana 200, daga 15 ga Maris 2027 kwana 100, sai 15 ga Maris 2029 ta sauka zuwa 47. Ranar da aka fitar da satifiket ake dubawa, don haka wanda aka ba ka kafin kowace rana daga cikin waɗannan zai cinye wa'adinsa lafiya lau. Batun kuɗi kuwa, kamfanoni da dama kuɗin shekara suke karɓa, sabuntawa a cikin shekarar ba ta da wani caji. Let's Encrypt, ɗaya daga cikin masu ba da satifiket, ma kyauta yake bayarwa, na kwana 90, tun 2015.

Dokar ta shafi satifiket ɗin da burauzar kowa ta yarda da shi ne kawai. Wanda kwantenoni (manhajojin da aka killace kowace ita kaɗai) ke gaisawa da shi a cikin gungun Kubernetes, tsarin da ke sarrafa su a kan sabobi, da ka fitar da kanka don amfanin cikin gida, ba ruwanta da shi.

Sashen da ya fi rikita mutane shi ne na kwana 10. An ji wannan adadi, sai aka ɗauka duk bayan kwana goma za a riƙa sabunta satifiket. Ba haka ba ne. Kafin kamfani ya ba ka satifiket sai ya tabbatar sunan shafin yana hannunka. A da, in ya tabbatar sau ɗaya, yana iya dogara da wannan shaida har kwana 398. Yanzu ita ma za ta ragu zuwa 200, sannan 100, sannan 10 a 2029. Tunda satifiket zai yi kwana 47 amma shaidar mallaka kwana 10 kacal, kusan duk sabuntawa sai an sake tabbatar da mallaka daga farko. Nan ne aikin hannu zai gagara. Mai shiga shafin kamfani sau ɗaya a shekara ya kwafo lamba ya liƙa a DNS, rajistar da ke haɗa sunan shafi da sabarsa, daga 2029 zai yi wannan kusan kowane wata, kuma ranar da ya tafi hutun salla ba za ta jira shi ba.

Masu Kubernetes sun fi kowa samun sauƙi, domin cert-manager, manhajar da ke kula da satifiket a cikinsa, yana wannan aiki da kansa ta hanyar ACME, tsarin neman satifiket ba da hannu ba, da aka daidaita a RFC 8555 a 2019. In ba ka canza masa saiti ba, yana neman sabon satifiket da zarar tsohon ya cinye kashi biyu cikin uku na rayuwarsa. Hanyoyi biyu yake bi wajen nuna mallaka. A HTTP-01 yana tayar da ɗan kwantena na wucin gadi ya ajiye amsa, mai ba da satifiket ya zo ta ƙofa ta 80 ya karanta. A DNS-01 yana rubuta amsar a rajistar TXT mai suna _acme-challenge. Satifiket mai tauraro, wanda ke rufe duk rassan suna ɗaya, ta DNS-01 kaɗai Let's Encrypt ke bayar da shi.

Sai dai girka cert-manager ba ya nufin an gama. Ana duba shafinka daga wurare daban-daban a duniya, saboda haka wanda ya toshe baƙin ƙasashe daga ƙofa ta 80 ya toshe mai dubawa. Mabuɗin da ka ba shi na shiga DNS kuma in ya ƙare ko wani ya sauya shi, sabuntawa za ta yi ta faɗuwa shiru. Da satifiket na kwana 90, wata guda gare ka ka gano matsalar; da na kwana 47 bai wuce mako biyu da 'yan kwanaki ba. Kar ka jira wasiƙar tuni, Let's Encrypt ya daina aika ta tun Yunin 2025. Kuma mai gwaji ya yi a dandalin gwajinsu, domin satifiket iri ɗaya sak sau biyar kawai suke bayarwa a mako.

Hukunci fa? Babu tara, babu kotu. Mai shafi in ya bari satifiket ya mutu, burauza ce za ta tare baƙinsa da gargaɗin cewa haɗin ba shi da tsaro, manhajojin da ke magana da sabarsa kuma su katse. Sanda ta gaske tana kan masu bayarwa: wanda ya fitar da satifiket da ya wuce iyaka dole ya soke shi, wanda ya yawaita saɓa ƙa'ida kuma burauza ta janye amincewa da shi, kamar yadda Chrome ya yi wa Symantec a 2018 da Entrust a ƙarshen 2024. Shi ya sa ba za ka samu kamfanin da zai yi maka alfarma ba ko nawa ka biya.

Hujjar waɗanda suka kafa ƙa'idar tana da ƙarfi. Tsarin soke satifiket da aka sace mabuɗinsa bai taɓa aiki yadda ya kamata ba, kuma sunan shafi yakan koma hannun wani alhali tsohon mai shi yana riƙe da satifiket mai rai. Amma a ganina waɗanda suka yanke hukuncin su ne waɗanda ba zai dama ba. Nauyin zai sauka kan makaranta ko ƙaramin asibiti mai tsohuwar na'urar da ba ta san ACME ba, wanda kuma yaron da ya yi musu rajistar suna ya tafi da kalmar sirrin DNS. Irin waɗannan, kafin su yi maganar cert-manager, sai su fara nemo wanda asusun sunan yake hannunsa.