Kunna amfilifayar mota a cikin ɗaki: tambayoyin da aka fi yi mini

Tambayoyin nan kullum su ne, mai tambaya kawai ke canzawa. Bari in amsa su a wuri ɗaya kowa ya huta.

Za a iya kunna amfilifayar mota da wutar gida?

Za a iya, amma ba daga soket kai tsaye ba. Ita wutar DC mai bolt 12 take ci, ta soket kuwa AC ce mai bolt 110 ko 220 zuwa 240, ya danganta da ƙasa. Dole fawa saflai, wato na'urar da ke mayar da wutar soket ta koma DC mai bolt 12, ta shiga tsakani.

Na haɗa komai, ta ƙi tashi. Ta ƙone ne?

Kwantar da hankalinka, da wuya. Duba inda aka rubuta REM a jikin amfilifayar, wato mahaɗin da ke kunna ta. A mota, rediyo ne ke turo mata bolt 12 ta nan don ta farka. Ja siririyar waya daga +12V zuwa REM, ka sa makunni a tsakani.

Cajar batir za ta yi a madadin saflai?

A'a. Wutarta ba tatacciya ba ce, ƙugi za ka riƙa ji a sifika.

Saflai mai amfiya nawa nake buƙata?

Ka daina kallon ƙatuwar lambar wat da aka buga a kwalin amfilifaya, ka nemi ta RMS, wato ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai. Amfilifaya ajin D, wato ƙirar da ba ta cika ɓarnar wuta ba, mai wat 500 tana asarar kusan kashi 20 cikin 100 a zafi, ke nan za ta ja kamar wat 625. Raba da bolt 12, ka sami amfiya 52. Ajin AB ta fi ta ɓarna, lissafinta kan kai 70 zuwa 80. In lissafin ya dame ka, tara lambobin fis ɗin da ke jikinta, ka nemi saflai da ta kai su.

Saflai ta kwamfuta fa?

Ga ƙaramar amfilifaya, tana yi. Wayoyi masu ruwan ɗorawa su ne bolt 12, baƙaƙen su ne negatif, kuma akwai koriyar waya da sai ka haɗa ta da baƙa ɗaya kafin saflai ta kama. Amfiyar layin 12V za ka karanta a takardar jikinta, ba jimillar wat ba. Ta saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima, ta fi ƙarfi, mai wat 750 tana ba da amfiya 62, sai dai fankarta da ƙara. Kuma don Allah kada ka buɗe murfinta. Kafasitocin ciki suna riƙe wutar da za ta iya kashe mutum ko bayan an zare filogi.

Tana ɗaukewa duk sanda bes ya buga. In ɗora mata batirin mota?

To, wannan ba a amsa ta da e ko a'a. Ka fara sanin dalilin ɗaukewar: bes yana fizgar wuta mai yawa cikin ƙiftawar ido, saflai ta ɗauka waya ce ta taɓa waya, sai ta kashe kanta. Batir yana iya cike wannan giɓin, gaskiya ne, haka yake yi a mota. Amma a mota injin caji yana ba shi bolt 13.8 zuwa 14.4. Saflai da ta tsaya a 12 cif ba za ta taɓa cika shi ba, tunda cikakken batir yana wajen 12.6, kuma batirin da ya daɗe bai cika ba lalacewa yake yi. Ke nan sai in saflai ɗinka tana da abin murɗawa da zai kai ta 13.8. Ko da ta kai, da sauran magana. Batirin da ya yi sanyi zai ja wuta iya ƙarfinsa, wata saflai ta rage masa a hankali, wata ta ɗauke, mara kariya kuma ta ƙone. Wata ma in ka kashe ta, wutar batirin na komawa cikinta. Ga iskar haidurojin da batir mai ruwa ke fitarwa lokacin caji, wadda ke kama wuta, ga shi a rufaffen ɗaki za ka ajiye shi. In ya zama dole, ka nemi batir rufaffe irin AGM, ka cika shi kafin ka haɗa, ka sa fis dab da kansa, iska kuma ta riƙa shiga. Ni dai na fi son ka fara rage murya ka gwada. In ta daina ɗaukewa, saflai ce ta yi kaɗan, ka sayi babba. Ka kuma duba sifikunka, don wanda ya sauko daga om 4 zuwa 2 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta) ya kusan ninka abin da amfilifaya ke ja.

In haɗa saflai biyu a layi ɗaya?

Kada ka yi, sai in an ƙera su don haka. Wadda bolt ɗinta ya ɗan fi ita za ta ɗauki kayan duka.

Kowace waya za ta yi ai, tunda bolt 12 ne kawai?

Wannan maganar ce ta fi ɓata mini rai. Ba bolt ke narka waya ba, amfiya ce. Amfiya 50 a cikin wayar fitila gobara ce, malam, kuma da iyalinka a gidan. Nemi wayar tagulla zalla mai lamba 4 a ma'aunin kaurin waya na AWG, ka gajarta ta, ka ɗaure kanta tam, fis kuma ya zauna kusa da saflai. Bayan minti goma da kunnawa ka taɓa wayar, in ta yi zafi ka kashe ka canza ta.