Sabil da rakuba: ruwa da inuwar matafiyi a Sudan

Me ake nufi da sabil?

Randuna ne, biyu ko uku, da mai gida ke girkawa a ƙofar gidansa, ko bakin masallaci, ko gindin bishiya a gefen titi, don duk mai wucewa ya sha kyauta. Larabawan Sudan na kiran randar zir, Hausawan Gadarif da Maiurno kuwa har yau randa suke cewa. Za ka ga murfin katako a bakinta, ga moɗa ɗaure da igiya. Ba a tambayar mai sha daga ina ya fito.

Yaya ruwan ke sanyi ba firji?

Aikin yumɓu ne. Randa tana naso, iska ta busar da danshin jikinta, zafin ruwan ciki ya fita tare da shi. Shi ya sa ake ɗora ta kan ƙarfe inda iska ke kaɗawa, wasu har su naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Abin da ke ɗiga ƙasa ma ba ya tafiya a banza, tsuntsaye na sha.

Rakuba fa?

Rumfa ce ta itace da kara ko zana, inda matafiyi ke jiran rana ta yi sanyi.

Me ya haɗa Hausawa da wannan al'ada?

Kakanninmu sun sha daga gare ta. Kafin jirgin sama, alhazai kan tako daga ƙasar Hausa, su ratsa Chadi da Darfur zuwa Sawakin, tashar jirgin ruwa a bakin Bahar Maliya, tafiyar da kan ci shekaru. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kawo jama'arsa kusa da Sinnar, garin da suka zauna, Maiurno, ya ci sunansa. Wanda ya yi wannan hanya a ƙasa ya san darajar moɗa guda ta ruwa, kuma a ganina shi ya sa jikokinsu ba su saki randar ƙofar gida ba.

Wa ke cika randunan?

Galibi iyalin da suka ajiye su ne, sau da yawa sadaka ce ga mamaci. Hujjarsu hadisin Sa'adu ɗan Ubada, da ya tambayi Annabi (SAW) sadakar da ta fi bayan rasuwar mahaifiyarsa, aka ce masa shayar da ruwa. Da sassafe ake wanke randa a cika ta, in famfo ya ɗauke a sayi ruwa wurin mai amalanken jaki.