Kula da Iskar Gas a Ramukan Haƙar Kwal na Ƙarƙashin Ƙasa

Kula da iskar gas a ramin kwal fanni ne na ilimin haƙar ma'adinai. Ya ƙunshi auna iskar cikin rami, da shigar da iska mai kyau, da hana duk abin da zai tayar da wuta. A Najeriya an gano kwal a Udi kusa da Inugu a 1909, kuma da shi aka riƙa tafiyar da jiragen ƙasa da tsohuwar tashar lantarki ta Ijora a nan Legas.

Ire-iren gas

Metan ne babban abin tsoro. Yana maƙale cikin kwal, da an fasa sai ya fito. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma nauyinsa rabin na iska ne da ɗoriya, don haka sama yake yi ya kwanta a rufin rami. Yana fashewa idan ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wurin, fashewar kuma ta fi muni a wajen kashi 9.5.

Kabon monoksaid daga gobara yake fitowa, ko daga kwal da ya ɗau zafi da kansa a wuraren da aka gama haƙa. Jini ya fi kama shi sau 200 da wani abu a kan oksijin. Shi ya kashe mafi yawan mutum 301 da suka rasu a Soma ta Turkiyya a 2014. Kabon dayoksaid kuwa ya fi iska nauyi, yana taruwa a kwari ya kori oksijin, wanda a iska mai kyau kashi 20.9 ne, da ya sauka ƙasa da 19.5 an shiga haɗari. Haidirojin salfaid na warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma idan ya yi yawa sai ya kashe jin warin gaba ɗaya. Waɗannan biyun na ƙarshe su ne dai ke kayar da masu haƙar rijiya da masu kwashe sokawe a Agege ko Idi Araba, don haka su ma ilimin ya shafe su.

Awo

Riƙe na'ura ba wuya. Sanin inda za a ɗora ta shi ne gwaninta. Ana neman metan a sama, kusa da rufi da cikin kogunan da ruftawar dutse ta bari. Kabon dayoksaid a ƙasa ake nemansa. Wanda ya auna a daidai ƙirjinsa ya wuce zai iya ganin sifili alhali gas na kwance bisa kansa. Dokar Amurka ta ce a yi awo aƙalla santimita 30 daga rufi da bango, a kuma maimaita duk minti 20 a bakin da inji ke yankan kwal. Idan metan ya kai kashi 1 a kashe lantarkin wurin a gyara iska, idan ya kai 1.5 kowa ya fita.

Na'urar ma sai an san halinta. Wadda ke ƙona gas a kan 'yar waya mai zafi tana bukatar oksijin, saboda haka a inda metan ya yi yawa ƙwarai sai ta nuna adadi kaɗan. A irin wannan wuri mai aiki da hasken infared, wato hasken da ido ba ya gani, ta fi. Kafin kowane shifti ana gwada ta da gas ɗin kwalba da aka san adadinsa, galibi kashi 2.5.

Helma nagari yana duba nauyin iskar sararin sama. Idan ya sauka, kamar lokacin da hadari ya taso, gas na kwararowa daga tsofaffin ramukan da aka toshe.

Shigar da iska

Babbar fanka a bakin rami ke jan iska, ƙofofi da katangu da labulayen tamfol na bi da ita zuwa bakin aiki. Lissafin mai sauƙi ne: saurin iska sau faɗin hanya. Hanya mai murabba'in mita 10 da iska ke gudun mita 2 a daƙiƙa tana ba da kubik mita 20 na iska a daƙiƙa. Idan kwal na fitar da kubik mita 0.1 na metan a daƙiƙa, wannan iskar za ta mayar da shi kashi 0.5. Ƙofa ɗaya da aka bari a buɗe ta isa ta sa iskar ta yanke hanya ta bar mutane cikin gas. Inda fanka ta kasa, ana huda kwal ɗin a zuƙe gas ta bututu kafin a fara yanka.

Wuta da ƙura

Sigari da ashana da waya haramun ne a ciki. Kayan lantarki sai masu rufin da ke tsare tartsatsi, kuma ƙusa ɗaya da ba a ɗaure ba ta ɓata wannan tsaro. Haƙoran inji da suka dakushe na tayar da tartsatsi idan suka ci dutse, shi ya sa ake canza su ana kuma fesa ruwa. Sau da yawa metan kunnawa kawai yake yi, ƙurar kwal ce ke kai wutar ko'ina. A Kuriye ta Faransa fashewar ƙura ta kashe mutum 1,099 a 1906. Maganinta watsa garin dutsen da ake siminti da shi, har abin da ba ya cin wuta ya kai kashi 80 na ƙurar.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan mai awo ba shi da ikon tsayar da aiki ba tare da fargabar rasa abincinsa ba.

Tsira

Kowane mahaƙi na rataye da na'urar numfashi a ƙugu. Iri biyu ce: mai tace iska, kabon monoksaid kaɗai take kawarwa, ba ta ba da oksijin. Mai ba da oksijin kan yi minti 30 zuwa 60. Dole a koyi saka ta cikin duhu, kuma ba a cire ta don magana. Masu ceto ba sa shiga sai an auna iskar daga nesa, domin fashewa ta biyu kan biyo ta farko.